Gonar Marg da Wanda Ya Ari Bakin Gwaggo

Daga Allah muka zo, kuma kowa da ranar komawarsa. Ta Gwaggo ta zo ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na saman bene a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira, kanta bisa cinyata. Yayar mahaifina ce. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma kafin la'asar lungunmu ya cika har mai sayar da ful, dafaffen waken Misirawa, ya ja amalankensa ya koma bakin titi. Tsohon da ke gadin benenmu ya tsayar da ni a matakala yana tambaya wai 'ya'ya nawa Hajiyar ta bari, don duk wanda ya shigo cewa yake uwarsa ce ta rasu. Na ce masa ita kanta ba ta taɓa ƙirga su ba.

Maƙwabtanmu Misirawa suka shigo cikin baƙaƙen kaya suna kururuwa irin tasu, matanmu na ba su haƙuri, suna cewa mu ba ma yi wa mamaci haka. A ƙasa aka kafa rumfar makoki mai zanen ja da shuɗi, aka jera kujeru, ana zagayawa da gahawa marar sukari. Wani ɗan kasuwa mutumin Damagaram ya taho tun daga unguwar Ard al-Liwa da buhun shinkafa, ya dire shi a ƙofa, ya juya ya tafi. Wani saurayi mai gemu, wanda yanzu yake jan salla a unguwar Hayyin Ashir, ya zauna a matakala ya kifa kai a gwiwa, ya kasa hawa, ya kasa sauka.

Duk wanda ya buɗe baki magana ɗaya yake yi: "Allah ya jiƙan Hajiya, mace ce da ba ta da riƙo." Wannan maganar ta fi kukan kowa ƙona mini rai, domin da ƙarfi ake yin ta don wanda ke zaune a kujerar farko ya ji sanyi. Ƙanin mijinta ne, wanda duk muka tashi muna kira Baba Ƙarami. Yana cikin farar jallabiya yana karɓar gaisuwa, yana share ido da hankici mai turare. Tun kafin a watse daga maƙabarta ya aiko cewa ranar sadakar uku zai hawo ya ji daga bakina ko Gwaggo ta yafe masa, tunda ni na yi jinyarta, ni kaɗai nake wurin da ta yi maganarta ta ƙarshe.

Mahaifiyata ta ja ni gefe ta riƙe mini hannu.

"Ki ce ta yafe, khalas, magana ta ƙare. Mu baƙi ne a ƙasar mutane. In muka fara tone-tone, gobe wa zai ɗauki gawar wani?"

Na ce, "Inna, saƙo aka ba ni."

Ta ce, "Saƙon mamaci ana sassauta shi."

Na zare hannuna. Amma ga masu cewa Gwaggo ba ta da riƙo, ya kamata su san abin da aka yi mata da abin da ta gina kafin a yi mata shi.

Gwaggo da mijinta sun baro Kano da niyyar hajji ta hanyar Sudan. Daga baya karatu ya kawo shi Alƙahira, ciniki ya zaunar da shi. A wani hajjin da ya sake yi ya yi jinyar wani tsohon manomi Bamisire da zazzaɓi ya kayar, suka zama aminai. Ammu Hajji muke kiran manomin, yana da gonar dabino a Marg, ƙarshen layin jirgin da ke ratsa unguwarmu.

Mu kuwa a lokacin, 'ya'yan ɗalibai da 'yan kasuwa, a ɗaki biyu aka haife mu, a ɗaki biyu muke tashi. In aka yi dogon hutun bazara sai mu wuni a kulle kamar kaji a akurki, zafi na dafa mu, iyaye na tsoron titi. A shekarar da ta biyo bayan yaƙin da Misirawa ke kira yaƙin Oktoba, Gwaggo ta ɗaga kuɓewa ɗanya ta tambayi wani yaro daga ina take fitowa. Ya ce daga kwandon mai kayan miya. Ba ta yi dariya ba. Ta hana mijinta sakat har sai da ya kai kukanta wurin amininsa. Ammu Hajji ya nuna musu wani ɓangare a ƙarƙashin dabinai, kusa da famfon hannu, ya ce muddin akwai yaron da zai zo, wurin nasa ne, kuma ba mai tashinsu sai ranar da Hajiya ta ce ta gama. Aka sha shayi, aka yi fatiha, shi ke nan.

Misirawan ƙauyen suna ce wa wurin mu'askar, wato sansani. Mu Gona kawai muke cewa. Ana rufe makarantu za ka ga Gwaggo a tashar Ainu Shams da ayarin yara, kowa da tabarmarsa a naɗe da kwanonsa, tana gaba tana cewa, "Yalla, mai jinkiri ya kwana da kuɗin cizon uwarsa." Daga tashar Marg amalanken jaki ke kwashe kaya, mu mu bi shi a ƙafa. Tantinmu tsofaffin rumfuna ne da ta roƙo wurin masu ba da hayar kayan biki, ɗaya na maza, ɗaya na mata, nata a tsakiya. Muna isa take karɓe takalman kowa ta zuba a buhu ta ɗaure, sai ranar komawa. Cewa take yaron da ƙafarsa ba ta san ƙasa ba, kansa ma ba zai zauna daidai ba.

Ba ta ƙirga yara, ta ce ba a ƙirga arzikin mutane. In za ta san ko wani ya ɓace, abinci take rabawa. Hannunta ya san kwanon kowa, in kwano bai zo ba sai ludayi ya tsaya a sama, ta ce, "Ina mai kunnen nan?" Kowa da sunan da ta laƙaba masa, ni Sarkin Tsiwa take ce mini, kuma ban ce ta yi mini ƙarya ba. Dokokinta ba su da yawa. Ba a shiga magudanar ban ruwa saboda tsargiya, wanda ya shiga zai sha bulalar dabino a gaban kowa. Ba a taɓa 'ya'yan itacen Ammu Hajji sai wanda ya faɗo. Daga asuba zuwa azahar Hausa ake yi, wanda Larabci ya kuɓuce masa ya ɗauki bokiti ya ba kunya ɗaya ruwa. Kuɓewarmu da yakuwa da lalo ba su taɓa jin ƙishi ba.

Da safe karatun allo, ɗalibai biyu ke zuwa su koyar. Da yamma maza su yi langa, mata su yi gaɗa, 'ya'yan manoma su tsaya bisa bayan jamusarsu, wato ɓaunarsu ta gida, suna kallo har su ma suka iya. A kan gaɗar nan ta yi faɗa da ɗaya daga cikin ɗaliban, wani matashi da karatu ya fara hawa wa kai. Ya tsaya a kanta tana tsinkar lalo, ya ce, "Hajiya, wannan lagwu ne, wasan banza, kuma 'yan mata na hawa bishiya, ba shi da asali a shari'a."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, uwarka ta yi gaɗa?"

Ta amsa wa kanta:

"Ta yi, na san garinku. Ga shi ta haifi malami. Ka bar su su yi, mu samu malamai da yawa."

Ya yi fushi ya tafi, bai dawo ba sai da yunwar tuwo ta dawo da shi. Ta zuba masa har da ƙari, ba ta tayar da zancen ba.

Shi kuwa saurayin nan mai gemu da ya kasa hawa matakala, yana ƙarami fitsarin kwance yake yi, kuma ya isa jin kunya. Gwaggo ta gane tun kwanan farko. Sai ta ƙirƙiro doka, wai tabarmar Gona kullum sai an wanke saboda ƙuma. Kafin kowa ya gama miƙa ta shigo tantin maza da bokiti ta watsa wa tabarmi ruwa gaba ɗaya, har da masu su, ana ihu ana gudu. Shekaru ta yi tana wannan wahala, muna ce mata mai mugunta. Shi da kansa ya ba ni labarin a matakala ranar rasuwarta, yana kuka.

Mijinta ya rasu Gona na da 'yan shekaru. Gwaggo mace ce da ke juya maza da baki, amma akwai kunyar da ta taso da ita ba ta yar ba: ba ta zama a gaban mazan da ba nata ba ta yi maganar ƙasa ko gona. Larabcinta ma na kasuwa ne. Saboda haka da ta fita takaba ta kai Baba Ƙarami gaban Ammu Hajji da 'ya'yansa, ta ce wannan wakilinta ne, abin da ya faɗa ita ta faɗa.

Kowa ya san abin da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta a wurinmu: wasa ne, babu fushi a ciki. Ranar Juma'a zai zo da kankana a kafaɗa, tun daga nesa yana kira, "Ina tsohuwar matata? Yaushe za ki tare ne?" Ita kuma ta ce, "Ranar da ka yi gemu irin na mutane." Ta ɓoye masa takalmi, ya sace mata goro, mu muna tsalle muna zuga su. Shi ya koya mini ɗaure igiyar lilo. Na so mutumin nan ƙwarai.

Sai Ammu Hajji ya rasu. A lokacin jan bulo ya fara cin gonakin Marg, yau ka ga dabino, gobe ka ga bene. 'Ya'yansa suna son gini, amma suna tsoron maganar ubansu. Babbansu ya ce alkawari na nan, sai in Hajiya ce ta sake su. Da sanyi ba wanda ke zuwa Gona sai wakili. Baba Ƙarami ya je ya zauna a gabansu, ya ari bakin Gwaggo ya ci mata albasa. Ya ce ta tsufa, ta gaji, za ta koma Kano, ta ce a gode musu, ta gama. Ladansa kanti ne a ƙasan benen da za a gina, mai ƙofa biyu, yana kallon hanya.

Ba wanda ya sani sai da hutu ya matso, na raka Gwaggo mu duba famfo. Muka sauka a tasha, muka bi hanyar da muka saba, muka tarar da rami da ƙarafa a tsaye. An sare dabinan, kututturansu na kwance a gefe, wani lebura na zaune a kan ɗaya yana cin gurasa. Babban ɗan Ammu Hajji ya taho da fara'a yana tambayar yaushe ne tafiya Kano. Da ya gane, fuskarsa ta canja, ya dafa kai, ya rantse da kabarin ubansa cewa wakilinta ne ya zo. "Ma'alish ya Hajja, ma'alish," yake ta faɗa, yana ba ta haƙuri. Gwaggo ba ta zarge shi ba. Ta tsaya tana kallon inda tantinta yake tsayawa, sannan ta ce mini mu tafi kada jirgi ya wuce.

Ta kai ƙara wurin dattawan jama'armu, bayan sallar Juma'a, tana bayan labule ina gefenta. Ta faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Da aka juya ga Baba Ƙarami sai ya yi murmushi ya ce, "Ku rabu da tsohuwar matata. Kishi take don zan buɗe kanti ban ce zan sa masa sunanta ba. Ni hutar da ita na yi." Ɗakin ya fashe da dariya. Rabinsu a wurinsa suke shan shayi, sauran kuma sun ji daɗin samun ƙofar fita. Babban cikinsu ya ce, "Hajiya, ke da ƙanin mijinki wa zai shiga? Wasanku ne, ku ƙarasa shi a gida." Dattawa masu furfura, masu haddar littattafai, suka mayar da cin amana wasa don kada shayinsu ya huce. Ban manta fuskar ko ɗaya ba.

Gwaggo ta miƙe ta ce daga bayan labule, "To ku shaida, daga yau na ajiye wasa."

Kuma ta ajiye. Tun daga ranar, duk inda ta haɗu da shi sai ta rusuna har ƙasa, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta ce, "Alhaji, barka da yamma. Ya iyali?" Ba zagi, ba harara. Ya yi ta jefa mata tsokana tana amsawa da "Allah ya ƙara girma." Na taɓa ganinsa a ƙofar gidan biki yana roƙonta ƙasa-ƙasa, "Don Allah ki zage ni ko sau ɗaya." Ta ce, "Wace ni, Alhaji."

A bazarar da ba a je Gona ba, yara suka koma akurkinsu. Gwaggo ta raba musu irin kuɓewar da ta tanada, ta ce kowa ya shuka a gwangwani kada hannu ya manta. Autarmu, ƙanwata, tana aji uku a lokacin, ta shuka nata a gwangwanin man shanu ta kai saman bene, ta ɗora a kan katangar da ba ta wuce ƙugu ba don ya samu rana. Kullum sai ta hau da kofi. Wata ranar da la'asar ta taka bulo don ta leƙa furen da ya fito, bulon ya goce. Mai gadi ne ya ɗauko ta daga lungu. A watan da ya kamata a ce tana ƙarƙashin dabino ba takalmi muka binne ta.

Malamai sun ce ajali ne, kuma na yarda, ba mai wuce ranarsa. Amma su ne suka koya mana cewa kowane abu da sababinsa, kuma ni na san sababin da ya kai Auta saman bene. Baba Ƙarami ya zo gaisuwa da kwalin shayi daga kayan da ya tanadar wa sabon kantinsa. Mahaifina ya karɓa, don shi mutum ne mai gudun fitina. Ni na zubar da shi a shara.

Gwaggo ba ta sake shuka komai ba. Ta ce ita ta ba yarinyar iri, ba kuma wanda ya iya raba ta da wannan tunani. Ta yi ƙoƙarin samun wani wuri, amma wa zai ba baƙuwa tsohuwa gona a garin da kowane taku ya zama fili na gini? Iyalai suka fara watsewa, wasu Yamai, wasu Kano, wasu Jidda da Khartum. Yaran da aka haifa bayan nan ba su san akwai wani abu wai shi Gona ba. Shekarar da aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba. Da jikin ya yi tsanani mutane suka riƙa zuwa neman gafara kamar yadda aka saba, tana cewa ta yafe, su ma su yafe mata. Baba Ƙarami ya zo har ƙofa, ya leƙo, ya ce, "Tsohuwa, za ki gudu ki bar ni?" Ta juya fuska bango. Da safen da za ta cika ne ta riƙe hannuna ta ba ni saƙon, ta sa na maimaita mata.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a an raba waina, ya hawo. Bai zo shi kaɗai ba, ya taho da babban dattijon nan da wasu biyu, don a shaida. Mata suka gyara lulluɓi suka matsa. Mahaifiyata ta zauna a bayana, gwiwarta na taɓa ni. Na lura ya rame. Ciwon sukari ya kama shi, ya fara jin tsoron abin da ke gaba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "'Yata, ke kika ji maganarta ta ƙarshe. Tsakanina da ita akwai 'yar ƙura. Ta ce wani abu a kaina?"

"Ta ce, Baba."

Mahaifiyata ta mintsine ni.

"Ta ce abin da ka yi mata, na ƙaryar da ka yi da bakinta da dariyar da ka sa aka yi mata, ta yafe duniya da lahira."

Ya sauke ajiyar zuciya, dattijon ya ɗaga hannu zai fara fatiha, mata suka fara "Allahu akbar, mun faɗa." Na ce ban gama ba.

"Ta ce amma gonar ba tata ba ce. Ammu Hajji yara ya ba, ita tsaro kawai ta yi. Ta ce ba ta da ikon yafe abin da ba nata ba. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka nema a wurinsu."

Dattijon ya sauke hannunsa. Baba Ƙarami ya yi ƙoƙarin murmushi, ya duba ko akwai mai taya shi, bai samu ba. Ya ce, "Yaran nan ai sun watse a duniya. Ina zan gan su?" Sannan ya matso, ya sassauta murya. "To ke ma ai kina cikinsu. Bari in fara da ke, 'yata. Ki yafe wa babanki."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya makwancinta, ya ba ta inuwar da ba mai sare ta. Ita ta koya mini cewa babba ba ya ci kafin ƙarami ya ƙoshi, kuma a Gona daga ƙananan ake fara rabo.

Na ce, "Baba, ba da ni za ka fara ba, akwai ƙanana a gabana. Ka fara da Auta. Ka san inda take, kai ma ka raka ta. In ta yafe maka, ka dawo ka same ni."